Baƙuwar Tsutsa a Gonakin Masara

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, watau in ya kwana zai tashi. To, akwai wata baƙuwa da ta sauka a gonakinmu, ita kuwa ba ta da niyyar tashi. Muna nufin tsutsar nan mai cin masara. Asalinta daga ƙasashen Amurka masu zafi ne. A farkon shekarar 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudancin Nijeriya da wasu ƙasashen maƙwabta. Kafin shekara biyu ta game kusan duk ƙasashen da ke kudu da Hamada. A 2018 ta isa Indiya, a 2020 kuma ta kai Ostareliya. Masana sun tabbata ba za a iya kawar da ita ƙaf ba. Abin da ya rage mana shi ne mu rage ɓarnarta, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai an gan ta da wuri, an kuma kai labari da wuri.

Dalilin gaggawar ga shi. Uwar tsutsar wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, wanda iska kan ɗauka har mil 60 kafin gari ya waye. Takan saka ƙwai a jikin ganye, 100 zuwa 200 a tari guda. A lokacin zafi, cikin wata guda ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta shiga ƙasa, ta fito da fiffike, ta sake saka nata ƙwan. Sa'ad da take ƙarama tana bisa ganye, hannu yana kai gare ta, magani ma yana samunta. Amma da ta girma sai ta nutse can cikin zuciyar masara, ta rufe kanta da kashinta. A nan manomi zai yi ta zuba kuɗinsa a feshi, amfanin kuwa kaɗan ne.

Gane ta ba shi da wuya ga mai lura. A goshinta akwai alama kamar harafin Y a kife. Kusa da wutsiyarta akwai ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i. Ganyen da ƙananan suka kankare yakan yi shara-shara, a zuciyar masarar kuma za a ga kashi kamar dusa. Ba masara kaɗai take ci ba, takan taɓa dawa da gero da shinkafa. Da rani kuwa masarar fadama ce ke riƙe ta har damina ta kewayo.

A nan ne muke kira ga malaman makaranta da ma'aikatan ofis. Yawancin yaran da ke gaban malami 'ya'yan manoma ne. In ya kai su gonar makaranta, ya nuna musu alamun nan da idonsu, to, ya sa wa kowane gida mai tsaro. A koya musu zagaya gona sau biyu a mako tun masara tana tsiro, su tsaya wuri biyar dabam-dabam, su duba tushe goma a kowane wuri, su rubuta nawa suka kamu. Wannan lissafi ne, aikin gona ne kuma.

Abin da aka gani a gaya wa mai unguwa ko dagaci, a kuma sanar da malamin gona. Rahoto mai amfani shi ne wanda ya faɗi sunan ƙauye, da ranar da aka duba, da girman shuka, da yawan abin da ya kamu. Akawun da irin wannan takarda ta zo hannunsa, lalle ya sani ba takardar da za a danne da dutse a kan tebur ba ce. Mako guda da ta yi a ajiye ya isa ƙananan tsutsotsi su shige inda ba a iya cim musu.

Har wa yau, a tuna wa manoma abin da yake hannunsu. A yi shuka da wuri, mutanen gari kuma su yi tare, gama gonar da ta makara ita ce ke tara tsutsar maƙwabta. A murtsuke ƙwai da ƙananan tsutsotsi da hannu. Waɗansu sukan zuba toka ko rairayi a zuciyar masara, waɗansu ruwan 'ya'yan darbejiya. In feshi ya zama tilas, a nemi shawarar malamin gona, a yi shi da sassafe ko da yamma, a auna zuciyar shukar. Feshi barkatai yakan kashe tururuwa da zanzaro, waɗanda su ne ke taya mu cin tsutsar, ban da cutar da yake yi wa mai feshin kansa.

Kada wani ya ɓoye abin da ya gani don kunya. Tsutsa a gona ba alamar lalaci ba ce, gonar ƙwararre ma tana shiga. Wanda ya yi shiru kuwa, rumbun maƙwabcinsa ya cuta tare da nasa.