Jitar bes ta farko: a saye ta yadda ake sayen wayar hannu a PZ

Duk matashin Zariya da ya taɓa zuwa PZ sayen waya ta hannu ya san ƙa'ida. Ba a biyan kuɗi sai an danna kowane lungu na sikirin, an gwada wurin caji, an duba lafiyar batir. Amma wannan matashin, idan sha'awar jitar bes ta kama shi, sai ya ga bidiyo a TikTok ko hoto a Jiji, ya tura kuɗin da ya kwashe watanni yana tarawa. Bayan wata biyu jitar tana bayan ƙofa tana shan ƙura, shi kuma yana cewa ba shi da baiwa. Sau da yawa ba baiwar ce ta rasa ba, sayen ne bai yi kyau ba.

Da farko, waya ba ta iya faɗa wa mutum gaskiyar sautin bes. Tsirkiya mafi kauri a jita mai tsirkiya 4 tana fitar da sauti a wajen 41 Hz, kuma ƙaramar sifikar waya ba ta sauka can ƙasa. Abin da kunne ke ji a bidiyon ɓurɓushi ne kawai. Saboda haka a riƙe jitar a hannu, a jona ta da amfilifaya, a saurara kafin a yi ciniki.

Wace iri ta dace da mai koyo? Mai tsirkiya 4, wadda ba ta amfani da batir. Tun da kamfanin Fender ya fito da Precision Bass a 1951 wannan tsarin ke aiki, kuma yawancin darussan farko a YouTube a kansa aka gina su. Wasu za su ce a majami'un Sabon Gari da Samaru ana yawan ganin mai tsirkiya 5, gara a fara da ita. Suna da hujja, domin tsirkiya ta biyar tana ƙara zurfin sauti. Sai dai wuyanta ya fi faɗi, kuma hana tsirkiyoyin da ba a kaɗawa yin gunaguni ya fi wuya ga sabon hannu. Ita kuwa mai batir 9V, ranar da batirin ya mutu sautin kan dushe ko ya ɗauke, mai koyo ya zaci jitar ce ta lalace.

Girman jiki ma abin dubawa ne. Tsawon tsirkiyar da aka saba da shi inci 34 ne, amma akwai gajere mai inci 30 da ya fi sauƙi ga mai ƙananan yatsu. Squier da Yamaha da Ibanez duk suna yin masu sauƙin kuɗi don masu farawa. Amma tambari kawai ba hujja ba ne, kamar yadda kowa ya san akwai jabun caja mai ɗauke da sunan babban kamfani.

Sai batun yanayinmu. Wuyan jita katako ne, kuma bushewar hunturun Zariya tana sa katako ya tsuke ko ya lanƙwashe. A ɗaga jitar a hango tsawon wuyan kamar mai auna sanda. A shafa gefensa, idan ƙarafan da ke jere a kai suna karce hannu, katakon ya tsuke. A danna kowace tsirkiya daga sama har ƙasa a ji ko tana zuza. A tabbatar ƙarfen daidaita wuyan da ke ciki yana juyawa, domin idan ya ƙage, gyaran na iya cinye ribar arahar. A murɗa maɓallan sauti, a girgiza wayar jonawa a ji ko tana ƙaraf-ƙaraf. Wanda bai iya wannan ba, ya nemi wani makaɗin bes ya raka shi, kamar yadda ake tafiya da abokin da ya san waya.

Kuskure na ƙarshe shi ne zuba duk kuɗin a jitar. Bes ba tare da abin ƙara sauti ba da ƙyar ake jin ta. Ɗalibin da ke hostel a ABU, ga matsalar wuta ga maƙwabta, ba ya buƙatar ƙatuwar sifika. Ƙaramar na'ura irin Vox amPlug, mai aiki da batir AAA guda biyu, ana jona ta a jitar a saurara da hedifon. Wayar kuma ta yi aikin da ta iya: manhajar Fender Tune ko GuitarTuna don saita tsirkiya, da manhajar ƙidayar bugu don koyon tsayawa a kan lokaci.

Jita ta hannu mai miƙaƙƙen wuya, da hedifon, da minti 20 na atisaye kullum, sun fi sabuwa mai ƙyalli da ke yanka yatsu. Wanda ya iya ƙin karɓar waya saboda ɗigo ɗaya a sikirin, bai kamata ya ji kunyar ajiye jita ya wuce gaba ba.