NI KAƊAI NA JE WEMBLEY?

Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, abin da ya same ni ne, kuma na gaji da haɗiye shi.

A 2022 muna zaune a Landan, maigidana yana ƙaro karatu, ni kuwa ina ɗaki daga ni sai yara biyu da tukunya. Ƙarshen watan Yuni sai ga shi da tikiti biyu, wai abokin karatunsa ya saya tafiya ta kama shi. Ya ce, "Maman Abba, shirya mu je ki ga duniya." Muka bar yaran wurin maƙwabciyarmu, muka hau jirgin ƙasa sai filin Wembley, wanda ke cin mutum dubu 90, kallon wani mawaƙi Ed Sheeran.

Ba zan yi maku ƙarya ba, abin ya burge ni. Mutum ɗaya ne mai jan gashi da jita a wuya, dandamali a tsakiyar fili yana juyawa da shi. Sai ya kaɗa, ya taka wata na'ura da ƙafa ta riƙe sautin, ya ɗora wani a kai, kafin ki ankara kamar makaɗa goma. Na kuma ga abin da ban so ba, giya a kofin roba da shigar da ba ta da maraba da tsiraici. Ni dai ina cikin hijabina, hannuna cikin na mijina.

Shi ne fa ya ɗauke mu hoto, shi ya sa a WhatsApp. Kafin gari ya waye magana ta isa Kusada gidan su maigidan, ta tsallako Kankia gidanmu. Facalolina suka ce dama 'yar rubuce-rubucen nan idonta ya buɗe, Turai ta ƙarasa ta. Gwaggona ta bugo tana kuka, "Ke yanzu 'yar nan, gidan rawa?" Shi kuwa gogan da ya kawo tikitin, ya ja ni, ya ɗauki hoton, abin da yayansa ya ce masa kawai, "Kai Dokta, kana shanawa!"

To don Allah ni kaɗai na je? In wurin ɓarna ne, ai wanda ya san hanya ya fi wadda ta bi shi laifi. In kuwa kiɗan ne abin ƙi, yaushe muka fara ƙin sa? Mamman Shata ɗan Musawa ne, nan kusa da mu, har ya rasu a 1999 iyayenmu maza suna yi masa liƙi. Barmani Choge ta Funtua kuwa, wace uwa ce a cikin masu zagina ba ta girgiza da kiɗan ƙwaryarta ba? Kuma kun san abin da take faɗa a waƙa, ba sai na maimaita ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, akwai laifin gaske da na yi a daren, amma ba wanda ya tambaye ni shi. A irin wannan lokaci rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan tara na dare, magariba ta shigo ana tsakiyar waƙa, ban tashi ba. Sai da muka koma gida na rama ta, ina jin kunyar Ubangijina. Duk masu bugo waya babu wadda ta ce, "Kin yi salla?" Hoton kawai ya dame su, da abin da mutane za su ce.

Da muka dawo gida aka yi bikin ƙanwar maigidan a Kusada. Aka kafa DJ a ƙofar gida, maza da mata a cakuɗe, la'asar ta wuce ba wanda ya motsa. Facalata da ta fi kowa zaƙewa a kaina ita ce a tsakiyar fili, gyale a kafaɗa. Da ta hango ni zaune sai ta ɗaga murya, "'Yar Landan, ba ki tasowa? Ko namu bai kai na Turawa ba?"