Kafin A Sayi Caja, A Fara Ninka Bolt Da Amfiya

Yawancin matasa sun haddace girman RAM ɗin wayarsu da ƙarfin kyamararta, amma kaɗan ne suka taɓa juya kan caja suka karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. A nan kuwa kuɗi suke salwanta. Mai shago ya ce caja tana da sauri, a biya, a kai gida, waya ta shafe awa uku a jone ba ta cika ba. Lissafin da zai hana wannan asara bai wuce ninkawa da rabawa ba, kuma ya kamata duk mai riƙe da babbar waya ya iya shi.

A jikin kan caja akwai layin da aka rubuta Output, sai lambobi su biyo baya, misali 5V da 2A. Harafin V na nufin bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar. Harafin A na nufin amfiya, wato yawan wutar da ke kwarara. Idan aka ninka su, sai a samu wat, wanda shi ne ainihin ƙarfin cajar. Bolt 5 sau amfiya 2 wat 10 ne. Bolt 9 sau amfiya 2 wat 18 ne. Bolt 11 sau amfiya 3 wat 33 ne. To idan kwali ya ce 65W da manyan baƙi, amma a jikin cajar babu abin da ya wuce 5V da 2.4A, wat 12 kawai aka sayar wa mutum.

Sau da yawa ma kan cajar ba shi da laifi, igiyar ce matsala. Kowace igiya tana da turjiya, wato yadda take hana wuta wucewa, kuma ana auna ta da om. Sunan ya fito ne daga Georg Ohm, masani ɗan Jamus da ya wallafa ƙa'idar a 1827: a raba bolt da amfiya, a samu om. A ce wuta ta fito daga kan caja da bolt 5, ta isa bakin waya da bolt 4.2, amfiya 2 na gudana. Bolt 0.8 ya ɓace a hanya. A raba shi da 2, turjiyar igiyar om 0.4 ce. A ninka shi da 2 kuma, wat 1.6 ne ya zama zafi maimakon ya shiga batir. Igiya siririya ko mai tsawo ta fi turjiya, kuma da waya ta ga bolt ya sauka sai ta rage wutar da take ja. Shi ya sa igiya mai arha take ɗumi, cajinta kuma yake tafiyar hawainiya.

Wannan lissafi ne ya bayyana dalilin da kamfanoni da dama suke ɗaga bolt don caji mai sauri. Zafin igiya ya dogara ne da amfiya. Ita dai igiyar mai om 0.4, in amfiya 2 ce, wat 1.6 za ta ci ko a bolt 5 ko a bolt 9. Amma 1.6 daga cikin 10 asara ce babba, daga cikin 18 kuwa da sauƙi.

Haka abin yake ga fawa banki, wanda rashin wuta ya mayar da shi dole. Lambar 20,000mAh ana ƙirga ta ne a kan bolt 3.7 na batirin ciki, wato 74Wh. Batirin waya mai 5,000mAh kusan 19Wh yake ɗauka. A takarda caji kusan huɗu ke nan, amma bayan an cire abin da ke ɓata wajen sauya bolt da zafi, kusan uku ake samu. Wanda ya san haka ba zai zargi mai kyau da ha'inci ba, ba zai kuma yarda da ɗan ƙarami mara nauyi da aka rubuta wa 50,000mAh ba, domin 185Wh ba ya shiga aljihun riga.

Wasu za su ce wayoyin yanzu suna daidaitawa da caja da kansu, don haka lissafi ɓata lokaci ne. Gaskiya ne waya ba ta jan fiye da abin da za ta iya ɗauka. Amma wannan ma dalili ne na yin lissafin: wayar da iyakarta wat 18 ce ba ta ƙaruwa da komai daga cajar wat 65, sai dai mai ita ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai mora ba. Wasu kuma za su ce rubutun jikin caja ma yana iya zama ƙarya. Haka ne, shi ya sa akwai ƙaramar na'urar gwaji ta USB da ake jonawa tsakanin caja da igiya, tana nuna bolt da amfiya a take. Mai shagon da ya amince da kayansa ba zai ƙi a gwada su a gabansa ba.

Kalkuleta tana cikin kowace waya. Wanda zai iya ƙirga yawan datar da ta rage masa, zai iya ninka 5 da 2 kafin ya miƙa kuɗinsa.