Idan Aka Ce Jirgi Ya Dakata Saboda Hadari



Kin sha jin mita idan an tsaida jirgin maigida ko na Hajiya a filin jirgin Malam Aminu Kano, wai don hadari ya haɗu. Sai ki ji ana cewa ai ɗan ruwa ne, me zai yi wa ƙaton jirgi? To, a garin nan aka taɓa ganin amsar.

Ranar 24 ga Yuni, 1956, wani jirgin kamfanin BOAC na Ingila da ya taso daga Legas zai je Landan ya yada zango a Kano. Da yamma ya tashi da mutum 45, hadari na gefe guda, matuƙin yana ganin zai kauce masa. Bai yi nisa ba ruwa ya kece. Iskar da ke dukansa ta gaba, wadda ita ke taimaka wa fukafukai ɗaukar nauyi, ta juya farat ɗaya ta koma bayansa. Gudunsa ya ragu, ya yi ƙasa, ya daki itace, wuta ta kama. Mutum 32 suka rasu. Masu bincike suka ce iska ce da ba a iya hangowa, kuma a ganina wannan ne abin tsoro: matuƙin ba wauta ya yi ba, idonsa kawai yake da shi.

Sai bayan hatsarin wani jirgi a New York a 1975 masani Ted Fujita ya fayyace abin. Iska ce mai sanyi da ke zubowa daga cikin hadari kamar an kifar da bokiti, ta daki ƙasa ta watsu ko'ina. Mu da muke rige-rigen kwashe shanya idan guguwar farkon damina ta taso mun san ƙarfinta.

Iyayenmu kuwa ba su manta Janairun 1973 ba, lokacin da rashin kyan yanayi ya sa aka karkato jirgin alhazai daga Legas zuwa Kano, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙan su.

Yanzu manyan jirage suna da na'urar da ke gargaɗin matuƙi kafin ya shiga irin iskar 1956, shi ya sa yake dakatawa. Ita kuma ba ta cika wuce minti 15 ba.