A Share Wa Jiragen Iska Hanya

Daga Ikko zuwa Badagiri har Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin akwai hanyar ruwa mai bin gefen teku, wadda tudun rairayi ya tsare daga igiyar ruwa. A da, kwalekwale mai tafiya da iska kan yi dakon kaya a cikinta ba ko ɗigon mai. A 1984 wata ciyawa mai kama da kainuwa ta shigo daga Benin, ta riƙa toshe ta. Inji ma yakan sarƙe, balle kwalekwalen da iska ke turawa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin jirgi mai inji ya gagari talaka. Lalle Hukumar Hanyoyin Ruwa da ke Lakwaja ta hanzarta share wannan hanya.