Wanda Ya Ci Ladan Kuturu

A ƙasarmu Nijar babu abin da ke raba zumunci kamar fili. Je ka zauna a kotu rabin yini, ko a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Za ka ga mutum biyu, wani lokaci uku, kowa riƙe da takarda mai hatimi, kowa yana rantsuwa kangon nasa ne. Wani ɗan ci-rani ne da ya shekara goma yana tara kuɗin, wata kuwa takaba ta gama, ta tarar an sayar da gidan marayunta. Mun saba ɗora laifin kan dillali da mai unguwa. Ni yau da wasu nake: masu aikin noter da majalisarsu ta ƙasa, wato Chambre Nationale des Notaires du Niger.

Noter jami'i ne da hukuma ta naɗa ya rubuta ciniki. Aikinsa ya tabbatar mai sayarwa shi ne mai abin, ya bincika ko an jinginar da gidan, ya karanta wa kowa abin da zai sa wa hannu, sannan ya adana asalin takardar. Takardarsa hujja ce mai ƙarfi a gaban alƙali, ba a rushe ta da surutun shaidu. Tsarin daga Faransa muka gado shi, inda dokar 1803, a zamanin Napoleon, ta kafa shi tare da majalisun ladabtar da masu sana'ar. A Nijar an yi wa sana'ar doka a 1998, aka sabunta ta a 2018.

Kada wani ya ce wannan al'adar Nasara ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da marubuci adali da shaidu take magana. Saboda haka ba aikin nake suka ba. Tambayata ita ce, wa yake amfana da shi?

Doka ta yi wa noter gata. Ba kowa ke buɗe ofishi ba sai wanda aka naɗa, akwai takardun da sai da hatiminsa suke cika, kuma hukuma ce ta yanke masa ladansa. Ba don kyan fuskarsa aka ba shi wannan ba. An ba shi ne don talaka ya kwana da kwanciyar hankali a kan dukiyarsa. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

To ina askin? Mafi yawan ofisoshin suna Yamai, kusa da bankuna da manyan ƴan kasuwa. Mutumin Tasawa ko Magarya da zai sayi fegi, kuɗin mota da na kwana kaɗai sun isa su mayar da shi wajen dillali, a rubuta masa ƴar takarda a gindin bishiya. In ma ya daure ya je, da Faransanci za a rubuta, ya dangwala yatsa a kan abin da bai ji ba. Kuma nawa ne ladan? Tambayi mutum goma a kasuwa ka ji ko ɗaya ya sani.

Za su ce ƙauye ba huruminsu ba ne, tun da dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, wato Kofo, masu ba da shaidar saye da kyauta da gado. Gaskiya ne, kuma Kofo sun kashe wuta da yawa. Amma ina rigimar ta fi zafi a yau? A bakin gari, inda gonar gero ta jiya ta zama unguwa, aka yanka ta fegi-fegi, magada ba su gama rabo ba ɗayansu ya riga ya karɓi kuɗi. Nan ne ake buƙatar ƙwararre, nan ne kuma ba a ganinsa.

Za su kuma ce buɗe ofishi a ƙaramin gari asara ce. Ai domin irin wannan ake kafa majalisa. In aikinta karɓar kuɗin mambobi ne da shirya taro a otal, to adashi ce kawai mai sanye da kwat.

Abin da muke nema bai fi ƙarfinta ba. Ta tsara wa mambobinta rangadi, su riƙa zama a manyan garuruwan jihohi ranar kasuwa. Ta liƙa farashi a ƙofar kowane ofishi da Hausa da Zabarmanci, ta sa a karanta shi a rediyo. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, saboda haka a ba mai saye fassarar cinikinsa a rubuce. In kuma ɗanta ya ci amana, ta hukunta shi a bainar jama'a, don hukuncin da aka yi a ɗaki rufa-rufa ce.

Su kuma tuna gata ba gado ba ne. A Ingila lauyoyi kaɗai ke da ikon rubuta cinikin gida, har jama'a suka gaji da tsada, dokar 1985 ta buɗe ƙofa ga wasu ƙwararru masu lasisi. A Faransa kanta, dokar 2015 ta sa an ƙara sababbin ofisoshi duk da kukan tsofaffin noter. Abin da doka ta bayar, doka na iya karɓewa.

Kai kuma mai shirin sayen fili, kada ka miƙa ko dala sai ka ga asalin takarda, ka ji bakin dukkan magada, ka bincika a ofishin magajin gari. Su kuwa masu hatimi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya tsare mana haƙƙin marayu.