Duniya Makaranta: Hoton Bakin Teku na Kwatano

An gama girbi, ƴan bida sun tafi kwas. Ba da daɗewa ba hotunansu za su fara isowa. Da can cikin wasiƙa suke zuwa, yanzu cikin salula. Kowa ya san irin hoton: saurayi tsaye bisa rairai, da baƙin tabarau, ga itacen kwakwa a gefe, ga ruwa bayansa har iyakar gani. Hoton ya yi ta yawo hannu zuwa hannu cikin gari. Tsofaffi su ce Allah mai iko. Samari kuwa ba su cewa komi, sai lissafin kuɗɗin mota.

To, hoto ma karanta shi ake yi, kamar takarda. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ba ya gaza wanga karatu. Ga misali da hoton Kwatano.

Kwatano shi ne birni mafi girma a ƙasar Benin, wadda ake ce ma Dahome kafin shekarar 1975. Daga Yamai ya ɗara kilomita 1,000, in aka bi ta Doso, da Gaya, da Faraku. Damina biyu gare su a shekara, shi ya sa itace ke kore shar cikin hoto. Tekun yana kudu da gari.

A fara da ruwan. Ba irin na tabkin Madarunfa ba ne. Cikin kowace lita akwai gishiri wajen giram 35. Mutum bai sha, bisa ba ta sha, ba a ban ruwan garka da shi. Makiyayi da garkensa sai su mutu da ƙishirwa a bakinsa. Kuma bai kwanciya wuri guda. Sau biyu cikin kwana ɗaya yana hawowa bisa tudu, sau biyu yana komawa, wata ne ke jan shi. Inda mutum ya aje takalminsa da hantsi, in azahar ta yi yana iya ishe wurin ruwa ya rufe.

Farin abin da ake gani kamar auduga bayan mai hoto, kumfar raƙuman ruwa ce. Wanda ya raɗa masu wanga suna ya san raƙumi, don da tozo suke tasowa, ɗaya bayan ɗaya. A gaɓar Kwatano suna da ƙarfi ƙwarai. In sun faso bisa rairai, sai ruwan ya koma da gudu, yana ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafa. Mai karatu ya duba da kyau: rairai cike da mutane, amma kaɗan ne cikin ruwa. Ƴan gari sun san dalili. Baƙo shi ne ke naɗe wando, ya shiga har gwiwa, ya ba teku baya don hoto ya yi kyau. Iya iyo a gulbi bai ceton mutum nan. Wanda zai ɗauki hoto ya tsaya bisa busasshen rairai, abokinsa ya sa ido ga ruwa.

Wani hoton yana nuna manyan kwalekwale masu fenti, an jawo su tudu. Gindin kowane daga itace guda aka sassaƙa shi, da yawa daga Gana ake kawo su. Wani kuma yana nuna mutane jere, suna jan igiya. Ba wasa suke ba. Taru ne suka zuba cikin teku, suna jawo shi da ƙarfin damtse, awa da awa, kamar gayyar noma. Wata rana kifi ya cika kwanduna, wata rana leda ta fi kifin yawa. Masu yawon buɗe ido suna son wanga hoto, tun ba da sassafe ko da marece ba, lokacin da rana ta yi laushi. Ladabi shi ne a tambayi masunta kafin a ɗauka. Ba manomin da zai so baƙo ya tsaya kansa da na'ura yana tsakar huɗa, ko sallama babu.

Sai abin da ke bayan mai ɗaukar hoto. Shi ba ya fitowa. Can ne garin yake, da hayaƙinsa, da ƴan kabu-kabu masu rawayar riga da ake ce ma zemijan, da unguwar Zango inda ake jin Hausa kamar a Maraɗi. Can ne ɗakin haya yake, inda samari ke kwana kamar an jera damma. Can ake dako, ana tura kura, ana gadi. Ranar hutu ce kawai ake zuwa bakin teku, wani ma da rigar aro. Hoton bai yi ƙarya ba, amma rana ɗaya ya nuna cikin bakwai. Uban da ɗansa ya matsa sai ya tafi, yana da kyau ya sa a tambayi mai hoton: ina yake kwana, nawa yake biya, nawa ke saura in wata ya mutu?

Ko rairan da ke cikin hoto yana da labari. Ruwan teku a nan yana tura rairai daga yamma zuwa gabas, dare da rana. An fara gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1959, aka buɗe ta a 1965. Ta nan ne kayan Nijar da yawa suka riƙa shigowa, har zuwa rufe iyaka a 2023. Katangar duwatsun tashar ta shiga cikin teku, ta tare rairan. Manomi ya san wanga aiki: in ya jera duwatsu a gona, ƙasa tana taruwa gefen da ruwa ke zuwa. Haka ya faru. Yamma da tasha rairai ya taru, gaɓa ta yi faɗi. Nan ne Fijirose, inda ake ɗaukar mafi yawan hotuna.

Gabas da tasha kuwa, wajen Akpakpa, rairai ya daina isowa, sai teku ya koma cin ƙasa. Ya ci filaye, ya ci hanyoyi, ya ci gidajen siminti da masu su suka yi shekaru suna tara kuɗɗinsu. Daga shekarar 2012 gwamnatin Benin ta jibge manyan duwatsu jeri-jeri, daga gaɓa zuwa cikin ruwa, don su riƙe rairan. A can akwai iyalan da ke aje da tsohon hoton ƙofar gidansu. In baƙo ya tambayi inda gidan yake, sai su miƙa hannu cikin teku.